An Yafe wa Likita Malam Yana Barci

Ƙarfe goma da rabi na safiyar wata Talata aka tura maigidana ɗakin tiyata a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke Ikara. Mu uku ne a kan bencin baranda: ni, da yayansa wanda duk gida muke kira Yaya Alhaji, da ƙanena Musa da ya biyo mu a kan mashin ɗinsa. Malam, haka nake kiran maigidana, ya daɗe da ciwon ƙaba. Yakan ɗaure ta da tsohon rawani ya tafi fadama. A makon nan ta fito ta ƙi komawa, ya yini yana amai. Ƙauyenmu a gefen Makarfi yake, amma Yaya Alhaji ya ce Ikara za a tafi, domin a wannan asibitin aka yi masa nasa aikin a shekarun baya, ya tashi lafiya.

Zan kawo labarin nan bi da bi, yadda ya faru. Karatuna bai wuce firamare da Islamiyya ba, amma na san abin da ya zo farko da abin da ya biyo shi. Kuma tun yanzu a sani cewa duk gonar da muka mallaka fadama ce guda ta rake da Malam ya gada daga mahaifinsa. Da ita muke ci, da ita yara ke zuwa makaranta.

Likitan matashi ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Yaya Alhaji. Da ya fito ya ce hanji ne ya shaƙe, dole ta sa ya buɗe cikin, amma an yi nasara. Gaskiyarsa ce ta wannan fuska, domin da an ƙara yini guda da ba a wannan maganar. Ina faɗin haka ne don kada wani ya ce na ɓoye alherinsa.

Mako na farko lafiya lau. Aka sallame mu, Malam yana shan kunu, har yana tambayar ko an yi wa rake ban ruwa.

Mako na biyu zazzaɓi ya fara. Yakan zo da la'asar, ya sake shi da safe. Matar Yaya Alhaji ta ce shawara ce, ta kawo saiwoyi a ƙwarya. Wata maƙwabciya ta ce iskar fadama ce ta bi ta wurin yankan, a yi hayaƙi. Mai kyamis ya ce maleriya ce, ya yi allura. Duk na yi, ban bar ko ɗaya ba, domin mai jinya da ta ƙi shawarar dangi, in abu ya lalace ita za a nuna.

Mako na uku wurin ɗinkin ya kumbura ya yi ja. Muka koma Ikara. Likita ya danna, ya ce ƙwayoyin cuta ne, ya ba da magani, bai karɓi ko sisi ba. Daga nan har ƙarshen wata ciwo sai gaba yake yi. Ɗinkin ya buɗe ta gefe yana fitar da ruwa mai wari. Ina wanke zanen gado safe da yamma, ina shanyawa a bayan ɗaki don kada baƙi su gani. Malam ya rame har zoben azurfarsa ya zame daga yatsa. Da muka sake komawa, na lura likitan ya daɗe yana kallon cikin. Sai ya ce mu tafi Zariya a ɗauki hoto.

Wanda bai taɓa bin layin babban asibiti da marar lafiya a kafaɗa ba, ya yi shiri. Akwai layin kati, akwai layin biyan kuɗi, akwai layin hoto, kuma kowanne a gininsa yake. A wurin biya aka tambaye ni ko muna da katin inshora. Na ce mu manoma ne. Yarinyar da ke karɓar kuɗin sai kawai ta miƙo hannu. Mai ɗaukar hoton ta duba, ta kira wani, shi ma ya kira wani, suna ta magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Daga baya wani babban likita mai furfura ya zaunar da mu ya ce, "Akwai abin da ba nasa ba a cikinsa." Wannan maganar har yau tana kunnena. Ya ce ƙyalle ne irin wanda ake tsane jini da shi lokacin aiki, an manta da shi aka ɗinke. Sai an sake buɗewa. Suka ba mu rana, suka ce mu koma gida mu haɗo kuɗi.

A mota Malam ya ce da Musa, ashe ajiya likita ya ba shi bai sani ba, kuma tunda har kuɗin ƙyallen an sa a lissafi, in an ciro a ba shi abinsa ya yi hula. Musa ya yi dariya. Ni ban yi ba. Washegari na aiki Musa Ikara ya faɗa wa likitan abin da hoto ya nuna.

Yanzu na zo kan abin da ya sa nake rubutun nan.

Ranar Juma'a bayan la'asar likitan ya zo gidanmu da kansa, tare da wani dattijo da ya ce kawunsa ne. Aka shimfiɗa musu tabarma a zaure. Yaya Alhaji ya aika aka kira liman da mai unguwa, maƙwabta ma suka shigo. Malam yana ɗaki, maganin da ya sha ya sa shi barci mai nauyi. Ni na kai ruwa, na tsaya a bayan asabari, don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji.

Likita bai yi kwana-kwana ba. Ya ce kuskurensa ne. Ya ce ranar aikin, ma'aikaciyar da ke ƙirga ƙyallayen an kira ta wurin wata mai naƙuda, shi kuma ya ɗinke bai ƙirga ba. Sannan ya ce, "Game da aikin da za a sake a Zariya, ni na riga na shirya zan..."

Yaya Alhaji ya ɗaga hannu.

"Dakata, likita, kada ka ƙarasa. A gidan nan ba a taɓa karɓar kuɗi a kan jinin ɗan'uwa ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Abin da Allah Ya rubuta ne ya same shi. Ka zo da ƙafarka, ka faɗi gaskiya. Mun yafe maka duniya da lahira."

Zaure ya ɗauki kabbara a hankali. Liman ya yi addu'a, aka shafa. Likitan ya sake buɗe baki, na ga kawunsa ya ja masa gefen riga, domin a wurinmu wanda aka yafe wa in ya sake ambaton kuɗi, kamar ya ce masu gidan ba da gaske suke ba. Aka raka su har mota. Mutane suka watse suna yabon Yaya Alhaji, suna cewa irin dattakon da ne.

Ga wanda ba ɗan wajenmu ba, sai na yi bayani. In babban gida ya furta yafiya a gaban liman aka shafa fatiha, magana ta mutu. Ba ƙane, ba mata, ba ɗa da zai tone ta. Wanda ya tone ya mai da babbansa ƙaramin mutum a idon gari.

Da Malam ya farka na faɗa masa komai. Ya tambaya ko an shafa fatiha. Na ce an shafa. Sai ya juya fuskarsa bango.

Muka sayar da sa ɗaya daga cikin shanun huɗa biyu, muka tafi Zariya. Aikin da aka ce ƙarami ne ya zama babba. Ƙyallen ya manne da hanji ya cinye shi, sai da aka yanke wani sashe. Na zauna a asibitin nan har na daina sanin ranakun mako. A ƙarƙashin gadonsa nake shimfiɗa tabarma. Komai saye ake yi, safar hannu, auduga, ruwan ƙari, har filasta. Da safe a miƙo maka takarda, ka fita ƙofar asibiti ka sayo, kafin azahar a miƙo wata. Mu masu jinya muna girki a bayan gini a kan murhun duwatsu, muna aron gishiri da ashana a tsakaninmu, kowa ya san ciwon mijin kowa.

Akwai wata nas, Sista Laraba, mutuniyar kudancin Kaduna, Allah Ya saka mata da alheri. Ita ta koya mini wanke ciwo ba tare da na kau da kai ba. Takan tsaya a kan Malam ta ce, "Baba manomi, yau ma ƙin cin abinci za ka yi? To bari in kira amarya ta ba ka a baki." Shi kuma ya ce mata wannan amaryar ta fi sojan bariki tsanani, gara allura. A gaban Sista kawai yake cin tuwo ya cinye. Amma akwai kuma waɗanda za ka kira su ciwo yana zuba, su ce ba lokacin aikinsu ba ne. Duka biyun na gani.

Ba a daɗe ba sabon ɗinkin ma ya fara zuba, wannan karon abin da ke cikin hanji ne ke fitowa ta fatar ciki. Babban likitan ya kira shi yoyon hanji. Ya ce sai jiki ya yi ƙarfi a yi aiki na uku, kuma ya fi na biyu tsada. Zuwa lokacin sa na biyun ma ya tafi, awakina sun tafi, kwanukan jerena ma na fitar. Raken bana an sare shi a makare, ɗan kwangila ya saye a wulaƙance. A nan dole in yi wa Yaya Alhaji adalci. Ya sayar da injinsa na matse rake, wanda da shi yake yin mazarƙwaila, ya kawo kuɗin gaba ɗaya a leda ya ajiye a gefen gado. Duk mako yana zuwa. Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Amma duk da haka kuɗin bai kai ba, kuma ba abin da ya rage sai fadama.

Aka sallamo mu mu jira a gida. A wannan zaman na yi tafiya uku.

Ta farko Kudan, wurin mahaifina, wanda ya tsufa yana karantar da littattafai a zaurensa. Na ba shi labari. Ya ce Alhaji ya yi niyyar alheri amma ya ba da abin da ba nasa ba. Ya ce a shari'a, wanda aka yi wa rauni shi ke da haƙƙin yafewa muddin yana raye da hankalinsa, kuma karɓar diyyar rauni halal ne, ba cin jini ba ne, ba kuma ƙin ƙaddara ba ne. Na ce to ya zo ya faɗa musu. Ya ce shi suruki ne, in ya shiga wannan magana aurena zai taɓa. Ya ba ni buhun masara ya sa aka ɗora mini a mota.

Ta biyu Ikara. Na tafi ba da sanin Yaya Alhaji ba. Likitan ya gan ni ya miƙe tsaye. Na tambaye shi kai tsaye abin da ya so faɗa ranar nan. Ya ce rance ya ciwo a ƙungiyarsu don ya biya aikin Zariya, yana aljihunsa a zauren, da aka yafe sai ya mayar. Ya ce ko da yana hannunsa yanzu, bai kai rabin abin da ake nema ba. Na ce na ji ana cewa likitoci suna da wani kamfani da ke biya in sun yi kuskure. Ya ce inshora ke nan, akwai ta, amma shi bai yanka ba. Abin da kamfanin ke nema duk shekara, in zai biya, sai ya ɗora a kan kuɗin aiki, in kuwa ya ɗora, masu ƙaba za su ci gaba da ɗaure ta da rawani har ta kashe su a gona. Ya ce kullum yana cewa baɗi zai yanka. Ya buɗe aljihun tebur ya juye abin da ke ciki ya ba ni. Na karɓa. Kuɗin auduga da magani na 'yan makonni ne. Na gode masa, kuma na faɗa masa a fuskarsa cewa mai riƙe wuƙa a kan cikin mutane bai kamata ya jira baɗi ba.

Ta uku Zariya, ofishin wani lauya da Musa yake ɗauka a mashin ɗinsa na haya. Ya saurare ni da kyau, bai karɓi kuɗi ba. Ya ce yafiyar zaure ba ta ɗaure kotu, kuma magana a fili take tunda an ciro ƙyallen. Amma ya jero mini abin da ke gaba. Sai an sami wani likita ya tsaya ya ba da shaida a kan ɗan'uwansa likita, kuma ba su cika yarda ba. Shari'ar za ta iya cin shekaru, ana ɗagawa muna biyan mota. In an yi nasara, mutumin da ba shi da inshora me za a karɓa a wurinsa? Sai dai a rufe asibitin a sayar da gadaje, mutanen yankin su rasa inda za a kai mai naƙuda. Na tambaye shi ko doka ba ta tilasta musu yankan inshorar ba. Ya ce ko an rubuta a wani wuri, wa yake zuwa Ikara ya duba? A ganinsa, abin da ya kamata shi ne kada a bar asibiti ya buɗe ƙofa sai da ita, a kuma sassauta kuɗinta ga ƙananan asibitocin karkara, sannan a sami wani zama kusa da mutane da zai yanke irin wannan magana cikin watanni. Amma ya ce ko wasiƙa ce zai rubuta wa likitan don a zauna a daidaita a kan biya kaɗan-kaɗan, ba ni zan sa shi ba. Sai mai ciwon da bakinsa.

Na dawo gida na fara da Yaya Alhaji. Na durƙusa a ƙofar turakarsa, matarsa tana tsaye, na faɗi abin da mahaifina ya ce ba tare da na ambaci sunansa ba. Na ɗauka zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Shi ne mai jikin. In ya ce a nema, ba zan hana ba. Amma ni da na furta a gaban liman, ba zan je in ce na janye ba."

Na shiga wurin Malam na faɗa masa. Ya ce in Yaya ya janye da kansa, shi zai sa hannu a duk abin da lauya ya kawo. Na koma, na dawo, na sake komawa. Kowannensu yana jiran ɗaya ya fara. Tsakanin ɗakunan nan biyu taku kaɗan ne, amma ba su taɓa yin maganar da junansu ba. In Yaya ya shigo dubiya, sai su yi hirar farashin taki.

Ranar aiki na uku tana matsowa. Wata safiya ina wanke masa ciwon, na ce masa fadama ce za ta tafi, ya sani ko? Ya ce ya sani. Na ce yaran fa? Ya kama hannuna da audugar a ciki.

"Rakiya, wannan mutumin shi ya goye ni da babanmu ya rasu. Ya sayar da injinsa saboda ni. In na kai takarda, duk garin nan za a ce ƙanensa ya ƙaryata shi yana raye. Ba zan iya ba." Sannan ya rage murya. "Amma ke kaɗai zan faɗa wa. Ni ban yafe ba. Ba a tambaye ni ba."

Aka ba da fadama jingina ga wani mai sayen rake daga Makarfi. Mai unguwa da shaidu suka zagaya iyakarta, Yaya Alhaji ne ya nuna musu inda ta fara da inda ta ƙare, domin Malam ba ya iya tafiya. Musa ya ce mini da aka gama, Yaya bai bi su ya dawo ba, ya zauna a bakin rijiyar fadamar har rana ta yi zafi.

An yi aiki na uku, yoyon ya tsaya, alhamdu lillahi. Malam yana raye, yana zuwa masallaci da sanda. Likitoci sun ce kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi buta nauyi. Ina sayar da ƙosai da safe, babban ɗanmu ya bar makaranta yana aikin lada, wani lokaci a fadamar ubansa. Ba mu san ranar fansarta ba. Likitan Ikara yana nan yana aiki, yakan aiko da magani, na kuma ji an ce yanzu da bakinsa yake ƙirga ƙyallaye kafin ya ɗinke. Ko ya yanki inshorar, ban sani ba. Na gaji, ba na kuma neman a kama kowa.

Ga roƙona gare ka mai karatu. Kafin a shiga da naka ɗakin tiyata, ka tambayi asibitin wa zai biya in an yi kuskure, kada kunya ta hana ka. In masu neman ƙuri'a sun zo ƙofarka, ka tambaye su me za su yi a kan wannan. In kuma kai ne babba a gidanku, aka zo ba da haƙuri a kan ciwon wani, ka bar mai magana ya kai ƙarshen maganarsa. Sannan ka tashi ka shiga ciki, ka tashi marar lafiyar daga barci, ka tambaye shi.